Yatsu Biyu a Wuyan Gwaggo Mai Makullai

Ran Alhamis ba ranar aiki ba ce a wurin Solvej Brask, ranar haƙuri ce. Ran nan ne Fru Holmvang take hawo jirgin ƙasa daga Skive, ta sauka a Viborg, ta ɗauki tasi har ƙofar tsohon gidan madarar da suka mayar wurin yin fim, ta shigo da jakarta da laimarta da a'a ɗinta. A duk ƙasar kowa yana kiran kowa da sunansa tsirara, har likita har shugaban makaranta, amma ita sai an ce mata Fru Holmvang, wato Uwargida Holmvang, kuma sai an ce mata "ku". Wanda ya manta, za ta dube shi ta saman tabarau har sai ya tuna.

Ba don Allah ma'aikatan suke jure mata ba. Mahaifinta, marigayi Ejnar Holmvang, shi ya rubuta *Ebba a Gidan Iskoki*, littafin nan da ake karanta wa yara tun zamanin kakanni: yarinya ta zurma ƙarƙashin tudun yashi a bakin teku, ta iske wani gida inda Gwaggo Mai Makullai ta kulle iskokin duniya cikin kabad, jiragen ruwa duk sun tsaya cik. Kowa ya san Ebba ita ce Rigmor, 'yar marubucin, wato Fru Holmvang ɗin nan, tun tana sa gajeren siket. Yanzu Ebbar ta haura tamanin, littafin yana hannunta, kuma kafin ta yarda a yi fim ɗin sai da ta sa aka rubuta cewa ko ƙiftawar ido ɗaya ba za ta fita ba sai ta gani ta ce ta amince.

To, ƙiftawar ido a wannan sana'a ba abin wasa ba ce. Fim ɗin na 'yan tsana ne. Solvej tana shiga bayan baƙin labule da safe, ta durƙusa gaban ɗan ƙaramin ɗaki da aka gina a kan tebur, ta gusa hannun 'yar tsana kamar tsawon ƙwayar shinkafa, ta ja baya, ta ɗauki hoto, ta dawo ta sake gusawa. In ta wuni a haka, bayanta ya ƙage, gwiwoyinta sun mutu, abin da za ta samu in an haska bai kai mutum ya kurɓi kofi ya ajiye ba. Shi ne wata za ta zo ran Alhamis ta kalli wahalar mutane ta ce safar Ebba ta yi ja da yawa. An taɓa yi. A kan safar da ba ta kai ɗan yatsa ba aka rushe aikin kaka guda aka sake daga farko. Asger, mai ɗinka kayan 'yan tsanar, ya zauna yana saƙa sabuwa da allurar da sai ya ƙanƙance ido yake ganin kanta, yana tsine wa duk wani ja na duniya.

Daraktan kuwa, Torkild, ba shi da amfani a wannan fage. Mutum ne dogo mai gemu da taushin murya, irin wanda ko kare ya cije shi zai tsaya ya ce karen ma yana da hujjarsa. Duk abin da tsohuwar ta faɗa, sai ya haɗa tafin hannu ya ce, "Wannan magana ce mai muhimmanci, Fru Holmvang." Ta ce hancin Ebba ya yi tsini, magana mai muhimmanci. Ta ce iskar arewa ba ta yin fito irin wannan, magana mai muhimmanci, sai ka ce ita da iskar aji ɗaya suka yi. Solvej tana tsaye a baya tana cizon cikin kumatunta.

Abin da ya hana ta shaƙe tsohuwar shi ne kicin. Da zarar tasi ya juya, sai ma'aikata su taru wajen tukunyar kofi, a ce, "Solvej, yi mana." Ita kuma ba ta jan rai. Sai ta miƙe wuya, ta shafa yatsa ɗaya a bakin tebur, ta duba, ta murza shi da babban yatsa. Ta lumshe ido, ta karkatar da kai hagu, ta kai yatsu biyu ta ɗora a maƙogwaro, ta ja numfashi ta hanci kamar wadda ta jiyo ƙaurin miya. Sannan a hankali: "A'a. Baba ba haka yake nufi ba." Asger har zamewa yake daga kujera. An fi shekara biyu ana haka, kuma babu wanda ya ga laifinsa, don da wannan dariyar suke samun ƙarfin komawa bakin aiki.

A cikin littafin akwai wurin da kowa yake jira, wurin da iyaye kan yi gyaran murya kafin su karanta. Ebba ta tsaya gaban Gwaggo ta roƙe ta, ba duka iskokin ba, ƙaramar kawai, 'yar autarsu, wadda za ta isa ta turo kwalekwalen babanta gida. Gwaggo ta ce a'a. Shi ke nan. Solvej ta nemi a ba ta wannan wuri tun ranar da aka fara, ta yi rigima a kansa har aka ba ta. Ta haura hamsin, manyan yatsunta sai ta jiƙa su a ruwan zafi da safe kafin su yarda su lanƙwasa, kuma ta san ba za a sake miƙa mata irinsa ba. Tana son wurin nan fiye da yadda ya kamata babba ya so abin roba.

Yadda ake yi, kafin ka taɓa 'yar tsana sai ka tsaya gaban kyamara kai da kanka ka yi abin da kake so ta yi, ka kalla, sannan ka bi jikinka kana kwafa. Solvej ta ɗaura tarin makullan sito a ƙugu, ta tsaya, ta zama Gwaggo. Tashi ɗaya ya zauna daram, har ita ma ta yi mamaki, amma ba ta tsaya tambayar kanta daga ina ya zo ba. Ta shiga bayan labule da shi a farkon sanyi, ba ta gama ba sai da itatuwan bakin tafki suka fara toho. Torkild ya riƙa ganin guntu-guntu, yau ɗaga hannu, gobe juya kai, kuma a guntu ba a gane komai. Tsohuwar kuwa ba a nuna mata abu sai ya kammala.

Ran Litinin aka haɗa shi, aka tara ma'aikata a ɗakin kallo, aka kashe fitila.

Ebba ta yi roƙonta, muryarta tana rawa. Gwaggo ta juyo, makullai suna kaɗawa a ƙugunta. Ta shafa yatsa a bakin kabad, ta duba, ta murza. Wani ya yi tari a baya. Gwaggo ta lumshe ido, ta karkatar da kai hagu, yatsu biyu suka tashi a hankali suka sauka a maƙogwaro, ƙirjinta ya ɗaga.

Asger ya fashe.

"Wayyo cikina! A tsayar, a tsayar, zan mutu!"

Solvej ta juyo a fusace. "Mene ne abin dariya? Yarinya tana roƙon ran ubanta, kai kana yashe mana haƙora?"

"Solvej, don girman Allah, ba ki gani ba? Laima kawai ta rage!"

Ɗakin ya ɗauka. Masu fitila, masu fenti, har mai haɗa sauti da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba, duk sun dafe ciki. Solvej ta mayar da ido kan allon, inda aka tsayar da hoton. Duk sanyin bana ta yi shi da fuskar nan a tafin hannunta, ta san kowane layin goshinta, amma sai yanzu ta ga Fru Holmvang a cikinta.

"Ba ita ba ce," ta ce, muryarta ba ƙarfi.

"Ita ce har numfashin."

"Ban yi da gangan ba!"

"Mun sani, 'yar'uwa, shi ya sa ya ɓaci," in ji Asger yana share hawaye. "Da da gangan kika yi, ai da kin rage wani abu don kunya."

Torkild bai yi dariya ba. Ya haɗa tafin hannu. Da ƙyar ya ce, "Ina ganin ya kamata mu zauna."

Aka zauna. Zama irin nasu, wanda sai kowa ya faɗi ra'ayinsa, har mutumin da ya zo gyaran famfo sai da aka tambaye shi me ya gani. Aka ƙarar da tukunyar kofi aka ɗora wata. Wani ya ce a yanke zuwa fuskar Ebba daidai lokacin da hannun zai tashi. Wata ta ce a goge hannun da kwamfuta. Mai fitila ya ce a nuna mata a ƙaramin allo, a zaunar da ita can baya, ai idonta ba na jiya ba ne. Asger ya ce a buga mata waya a ce an dakatar da jiragen ƙasa sai baɗi.

"In kun cire hannun nan me ya rage?" in ji Solvej. "Tsohuwar roba tana kaɗa makulli. A'ar nan a hannun take, ba a baki ba. Ba ku ga yadda ɗakin ya yi shiru ba kafin wannan sakaran ya buɗe baki?"

"Na ji ki, na ji ki ƙwarai," in ji Torkild. "Amma matar da aka taɓa rushe mana aiki saboda safarta..."

"Safar Ebba."

"A wurinta duk ɗaya ne. Matar nan tana kwana tana tashi da cewa ita ce yarinyar. Yanzu mu zaunar da ita cikin duhu mu nuna mata mun mai da ita Gwaggo? Za ta ce a zubar, Solvej. Kuma tana da ikon cewa."

"To ka ce mata a'a! Sau ɗaya a rayuwarka, Torkild, ka gwada, ba ya kisa."

"Wannan magana ce mai..."

"Kada ka ƙarasa. Na rantse in ka ƙarasa zan jefe ka da kofin nan."

Aka yi ta yi har rana ta karkata. Sakewa daga farko ba zai yiwu ba, don lokaci ya ƙure, kuma Solvej ta san ko an ba ta lokacin yatsunta ba za su ƙara ba ta wani irinsa ba. Ɓoyewa ma ba za ta yiwu ba, don tsohuwar ta san littafin kamar yunwar cikinta, in ba ta ga wurin ba za ta tambaya. A ƙarshe abu biyu aka tsayar: za a nuna mata kamar yadda yake, kuma Solvej za ta kawo kek. A kan na biyun babu wanda ya yi gardama, don al'ada ce, wanda ya tafka wauta a wurin aiki shi ke kawo wa abokan aiki kek.

Ran Laraba da yamma tana kicin ɗin gidanta tana kwaɓa shi, mai kwakwa da baƙin sukari a kai, tana mita ita kaɗai. Ita ce mai wauta? Matar da ta shekara biyu tana shafa musu yatsa a tebur ba ta yi wauta ba, darakta mai kashin auduga bai yi wauta ba, sai ita da ta yi aiki mafi kyau a ginin? Mijinta Ejvind ya leƙo ya ga kek yana huci, ya ce ko za a yanka masa ɗan gefe.

"A'a," ta ce.

Ya tsaya yana kallonta. "Wuyanki ciwo yake?"

Ta duba. Yatsunta biyu suna kan maƙogwaronta, kanta a karkace. Ta fizge hannun ta goge shi a zanen kicin kamar ta taɓa abin ƙazanta, ta ce masa ya fita mata daga gani.

Alhamis ta zo da ruwa da iska. Fru Holmvang ta shigo tana cewa direban tasin bai san hanya ba, tabarmar goge ƙafa kuma ta jiƙe, ba a san a juya ta ba. Ta wuce kicin kamar kullum, ta tsaya a kan kek ɗin.

"Kek ran Alhamis," ta ce. "Wa ya yi wauta?"

Kowa ya sami abin kallo a cikin kofinsa.

"Ai mu duka muna iya ƙoƙarinmu, Fru Holmvang," in ji Asger.

Ta dube shi ta saman tabarau. Ta yanki ɗan siriri, ta ɗanɗana, ta ajiye cokali. "Ya daɗe a wuta."

Solvej ta ji kamar ta ɗauki farantin ta kife mata a ka. Shi ke nan, ta ce a ranta, ta gani. Ta zauna ta kalli kanta da kyau, ta ga abin da muke gani kowane mako. In za a zubar a zubar, amma sai ta gani tukuna. Haka ta riƙa zuga kanta har ɗakin kallo, amma da aka kashe fitila sai zugar ta gudu ta bar ta da tsoro zalla. Ta zauna a layin baya, ba ta kalli allon ba, ƙeyar tsohuwar take kallo, da siririn wuyan da farin gashin da aka naɗe tsaf.

Ebba ta roƙa. Makullai suka kaɗa. Gwaggo ta ce a'a. Allon ya yi baƙi.

Mai kunna fitila ya kai hannu, Torkild ya girgiza masa kai.

"A sake," in ji Fru Holmvang.

Aka sake. Da aka zo daidai inda yatsun suka sauka a wuya, sai ta ɗaga laimarta kaɗan. "Tsaya nan." Hoton ya tsaya, Gwaggo ta cika bango, ido a lumshe. "Wa ya yi wannan?"

Solvej ta miƙe. Gwiwoyinta suka yi ƙara. "Ni ce."

"Zo nan."

Ta zo. Ta riga ta shirya amsoshinta tun da safe a kan kekenta, a hanyar zuwa aiki: ba da gangan ba ne, jiki ne ya ɗauka, kuma in ana maganar gaskiya wanda ba ya son a kwaikwaye shi ya rage zuwa. Ta tsaya gaban kujerar, ta haɗe hannu a ƙirji. Sai ta ga a hasken allon fuskar tsohuwar a jiƙe take.

"A ina kika ga mahaifiyata?"

Solvej ta waiwaya ta dubi Gwaggo a allon, ta juyo ta dubi tsohuwar.

"Babu fim ɗinta," in ji Fru Holmvang. "Hotonta ɗaya ne, kuma a zaune take kamar an dasa ta. Ta rasu tun ba a haife ki ba. A ina kika gan ta?" Ba ta jira amsa ba. Ta mayar da ido kan allon. "Ba wanda ya sani. Baba ya ƙara mata tsawo, ya ba ta makullai, ya sa mata baƙin gashi don kada mutanen gari su gane. Amma ni na gane tun daren farko da ya karanta mini. Haka take yi. In na ce zan je bakin teku, in na ce zan kawo ƙawa gida, in na ce a bar mini fitila. Ta shafa, ta duba, ta rufe ido. Kafin ta yi magana na riga na san amsar, hannun kawai nake kallo yana tashi." "Na tsani hannun nan. Duk rayuwata gudun matar nan nake yi."

Solvej ta ji kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun tana yarinya. Da faɗa aka zo mata da shi, da ta san inda za ta sa ƙafa.

Torkild kuwa ya hango mafita, ya yi wuf ya kama ta. Ya matso da tafin hannu a haɗe. "Bincike ne, Fru Holmvang. Solvej mutum ce mai zurfin bincike. Ta karanta littafin ta sake karantawa, ta nutsa cikin kalmomin mahaifinku, daga nan ne duk wannan ya fito."

Solvej ta harare shi, harara mai cewa rufe bakinka. Bai gani ba.

"A'a," in ji Fru Holmvang. Ta lumshe ido, kanta ya karkata hagu, ta ja numfashi ta hanci. "Babu wannan a littafin. Na san kowane layi. Baba bai taɓa rubuta hannun ba."

Ta buɗe ido.

Gwaggo tana nan a bango inda aka tsayar da ita, kai a karkace, yatsu biyu a maƙogwaro. Fru Holmvang tana ƙasanta a kujera, kai a karkace, yatsu biyu a maƙogwaro. Ta dubi allon. Hannun nata bai sauka ba nan da nan; sai ka ce ta manta yadda ake sauke shi. Da ya sauka, ta juya shi a cinyarta ta duba baya da ciki. Sannan ta waiwaya ta bi fuskokin ɗakin ɗaya bayan ɗaya. Mai fitila yana kallon silin. Mai sauti yana gyara wayar da ba ta lalace ba. Asger, wanda ko a wurin jana'iza sai an zungure shi yake yin shiru, ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa.

"Ashe kowa ya sani," ta ce.

Torkild ma, sau ɗaya a rayuwarsa, bai ce magana ce mai muhimmanci ba.

Ta dubi Solvej. Solvej ta so ta ce ba haka ba ne, ta so ta ce yi haƙuri, ta so ta ce ai ni ma jiya a kicin ɗina na kama kaina ina yi. Ta tsaya kawai, hannunta ya sauka daga ƙirji.

"Kin iya kallo," in ji tsohuwar. Ba zafi a muryar, kuma da a ce akwai zafin, da ya fi sauƙi. Ta dafa hannun kujera ta miƙe. "Yana da kyau. Kada a taɓa komai a ciki."

Torkild ya ƙifta ido. "Kun... kun amince ke nan?"

"Na ce kada a taɓa."

"To, madalla! Akwai kuma sabon kwalekwalen baban Ebba da muke so ku duba, da launin..."

"Ku yi yadda kuka gani. Ba sai na zo Alhamis mai zuwa ba." Ta ɗan tsaya. "Ko ta bayanta."

Abin da Solvej ta fi shekara biyu tana roƙo ke nan, a kan keke, a bayan labule, a gaban tukunyar kofi. Aikinta ya tsira, ko gashi ɗaya ba za a taɓa ba, kuma Alhamis ta dawo ranar aiki kamar sauran ranaku. Ta nemi murnar a ƙirjinta ba ta same ta ba. Haushi ya kama ta, na Torkild da bakinsa, na Asger da dariyarsa, na tsohuwar da ba ta iya ko faɗa a ranar da ya kamata ba, amma mafi yawa nata na kanta.

Ta bi ta zuwa ƙofa. Ta ciro mata kwat ɗinta daga ƙugiya ta riƙe, tsohuwar ta zura hannu ɗaya, ta zura ɗayan, ba ta ce an riƙe ba daidai ba. A waje tasin ya iso, iska tana kaɗa ruwan a kaikaice.

Fru Holmvang ta fara ɓalla maɓallai daga ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. Ta zo kan na ƙarshe, na wuya. Hannunta ya tashi, ya kai rabin hanya, ya tsaya. Ta mayar da shi aljihu, ta tura ƙofa da kafaɗa, ta fita cikin ruwan da wuyanta a buɗe.